Tabon da Na Sa wa Huhun Baba Idrisu

Ranar da Baba Idrisu mai burodi ya tare ni a ƙofar masallaci da takarda a hannu, wallahi har yau ba ta fita raina ba. Talata ce, bayan la'asar, a farkon shekarun saba'in, ina cikin shekarata ta huɗu a warshar Mu'allim Yunus, wato shagon aikinsa, da ke unguwar Sharafiyya a Jidda. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin nan kafin in ajiye makulli. To ga shi, amma kada ku gyara zama, ba labarin bajinta ba ne.

Ku ma'aikata kun san shabaka, kullum kuna zura ta a na'ura. Sai dai na ga matanmu da 'ya'yanmu a wurin nan, bari in yi musu bayani. Idan aka haska mutum da ashi'a, wato hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi da huhu, ba duka hasken ne ke wucewa a miƙe ba. Wani yakan bugi tsoka ya fantsama, ya isa kan fim a karkace, sai hoto ya fito dishi-dishi. Shabaka faranti ce da ake sawa tsakanin mutum da fim. A cikinta siraran dalma ne a jere, kowanne a tsaye, tsakanin kowane biyu da siririn kwali. Hasken da ya zo a miƙe sai ya bi ta kwalin ya wuce, wanda ya zo a karkace dalma ta shanye shi. Mahaifina rariya yake ce mata, kuma bai yi ƙarya ba.

Yau sai dai ku yage kwali ku zaro ta sabuwa fil, har da ta hoton nono, wadda layinta ko ido ba ya gani. Kun huta! A zamaninmu in ta lalace sai a rubuta ƙasar waje a yi odar wata, a zauna jiran jirgin ruwa wata da watanni. Shi ya sa ƙananan asibitoci ke zuwa wurin Mu'allim Yunus. Bahaushen Sudan ne, ya koyi aikin a Khartum, kuma da hannu yake yin ta. Mu biyu ne kawai a warshar, shi ne mu'allim, ni ne mai yanka da jerawa.

Ga yadda muke yi. Za a murza dalma har ta koma kamar takarda, a yanka ta sirara, faɗin kowanne bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Kwali ma haka. Sai a jera cikin katako: dalma, gam, kwali, gam, dalma, har sama da ɗari biyar. Ba a tsaye cak suke ba, kowanne yana ɗan jingina yana kallon inda hasken zai fito. Mu'allim ya kafa ƙusa a rufin warsha, ya ɗaura zare, da zaren nan muke auna jinginar. In an gama a matse, a bari ya bushe, a lulluɓe gaba da baya da alminiyam. Sati uku ke nan a kan faranti ɗaya, ga zafin Jidda, ga Mu'allim ya hana kunna fanka don kada iska ta ɗaga dalma.

Doka ɗaya yake da ita wadda ba ya wasa da ita. Kafin shabaka ta taɓa jikin ɗan'adam sai an yi mata hoton wofi, wato a ɗora ta kan fim a haska ba kowa a gaba. In fim ya fito fes, launi ɗaya daga gefe zuwa gefe, ta ci. In da tabo, a farke ta a sake.

Wannan da nake ba ku labari ta wani ƙaramin asibiti ce a kusa da unguwarmu Ammariyya, inda ake yi wa masu sayar da abinci gwajin shekara. Likitan wurin Daktor Ra'uf, Bamasare, mutum mai ji da kansa. Ranar Alhamis muka kai ta aka yi mata hoton wofi, ta fito fes. Muka dawo da ita warsha don a sa mata baki na ƙarfe a rubuta lamba. Ranar Asabar Mu'allim ya naɗe ta a bargo ya ce, "Ya Sani, kai musu. Riƙe ta kamar jinjiri."

Na riƙe ta kamar jinjiri har matakalar asibitin. A nan takalmina ya zame, ta kuɓuce, ta faɗi a kan bakin matakala. Na buɗe bargo. Can sama, wajen dama, ta lotsa ta gaba, ta kumburo ta baya, faɗin tafin hannu.

To a nan ne gadon gida ya cuce ni. Ni ɗan maƙerin fari ne. Mahaifina a Ammariyya yake gyaran buta da tasa da tire, kuma tun ina shekara bakwai nake riƙe masa guduma. A wurinmu lotsawa ba komai ba ce. Maimakon in koma Sharafiyya in faɗi gaskiya, sai na zarce rumfar mahaifina, shi ya tafi kasuwa. Na kwantar da ita kan katako mai santsi, na shimfiɗa fata a kai, na ɗauki gudumar itace, na bi kumburin a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, yadda aka koya mini. Kafin a kira azahar ta miƙe sumul. Na shafa da tafin hannu, na hanga ta wajen rana, ko alama babu. Har daɗi na ji, wai ni gwani. Na kai musu, ma'aikacin ɗakin hoto ya sa hannu ya karɓa. Ban ce a sake hoton wofi ba, don in na ce a sake za a tambaye ni dalili.

Yanzu mu dawo ranar Talata. Baba Idrisu abokin mahaifina ne, shi ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Da ƙafa ya zo ta Sudan tun yana saurayi, kuma ya fi shekara ashirin a bakin tanda a wani gidan burodi na unguwarmu. Ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, in ya yi dariya har titi ake ji. Ranar nan ba dariya. Ya ja ni gefe ya miƙo mini takarda.

"Sani, kai da kake aikin ashi'a, karanta mini wannan."

Na karanta. An ga tabo a saman huhun dama, ana zaton tarin fuka.

Na ce, "Baba, kana tari ne?"

"Ko atishawa ban yi ba bana. Jiya suka ɗauka, likita ya ce bai yarda ba, yau suka sake. Ya ce ga shi nan dai inda yake, bai motsa ba."

"To me ya ce za a yi?"

"Alhamis kafin azahar zai aika takarda ofishin lafiya. Za su karɓe katina."

Bari in gaya wa waɗanda ba su sani ba. Mai taɓa abincin jama'a sai da katin lafiya. Ba kati, ba aiki. Ba aiki, kafili, wato mai gidan da ya tsaya maka, ya janye hannu, iƙama, takardar zaman ƙasa, ta mutu, sai jirgi zuwa gida. Mutumin da ya bar garinsu tun ba shi da gemu, 'ya'yansa da jikokinsa duk a nan aka haife su, ina za shi?

Sai ya ƙara wata magana, yana ɗan murmushin ƙarfin hali. "Wai ƙiba ta yi mini yawa, hoto ba ya fita. Sai da suka ɗauko wani sabon faranti suka ɗaura a gaban fim. Mai ɗaukar ya ce ni ne na buɗe shi."

Jama'a, nan take na tuna da shabakata. Siraran mutane ba a sa musu shabaka a hoton ƙirji a lokacin, sai masu jiki. Saman dama. Faɗin tafin hannu. Na ji gumi yana bin bayana har cikin wando.

Ya ce, "Gobe da safe zan gaya wa mai gidan burodi. Ba zan ci gaba da cusa hannu a abincin bayin Allah ba da wannan ciwo a ƙirjina."

Ga bakina, ga kunnensa. Kalma biyar ta isa: Baba, dakata, kada ka faɗa. Ban ce ba. Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba." Na miƙa masa takardarsa na wuce.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina tsoron Mu'allim, ina tsoron a kore ni ga matata da tsohon ciki, ina tsoron a ce warsharmu ta sayar da kayan banza asibitoci su guje mu. Sai na shiga yi wa kaina huɗuba. Na ce ai wataƙila da gaske yana da ciwon, masu aikin tanda hayaƙi suke sha. Na ce ai na shafa da hannuna, sumul take. Na ce likita da ya yi karatu a Alƙahira zai kasa bambanta tabon ƙarfe da na huhu? Duk wadda na kawo sai zuciyata ta ture ta.

Ranar Laraba na je aiki kamar wanda aka zare wa laka. Sirara goma na yanka, bakwai suka karkace. Mu'allim ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Esh fik yau? Me ke damunka, kake yanka kamar sabon shiga?" Na ce zazzaɓi ne. Da rana matata ta aiko da shinkafa, na kasa haɗiye ko loma. Da yamma na bi ta layin su Baba Idrisu, ban san me ya kai ni ba. Na hango shi zaune a dakalin ƙofar gida shi kaɗai, ga kofinsa an ɗaura masa jan zare don kada wani ya sha da shi. Jikarsa mai shekara uku ta taho da gudu za ta hau cinyarsa, ya ɗaga hannu ya daka mata tsawa. Yarinya ta tsaya ta fashe da kuka. Shi ma ya juya fuska bango. Na koma da baya ban yi sallama ba.

Alhamis da safe na riga Mu'allim zuwa warsha. Yana sa makulli a ƙofa na ce, "Mu'allim, ina da magana." Na faɗa masa duka, tun daga matakala har gudumar itace. Na ɗauka zai mare ni. Da ya mare ni ma da na fi jin sauƙi. Ya tsaya yana kallona, makulli a hannu.

"Da guduma?"

"Ta itace ce, Mu'allim. Na sa fata."

"La haula wa la ƙuwwata. Yaushe ka san da maganar mutumin?"

"Talata."

"Yau Alhamis." Ya mayar da kwaɗo ya datse. "Yalla."

Muka tari tasi. Hanyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba ta zame mini tafiyar Madina, ga wata motar kaya ta tsaya a tsakiyar titi ana sauke buhuna. Ina ta duban agogon Mu'allim. Shi kuwa ko kallona bai yi ba.

Muka tarar da Daktor Ra'uf a ofis, takardar tana kan tebur, ya riga ya buga mata hatimi, masinja kawai ake jira. Mu'allim ya yi masa bayani da Larabci, a natse. Likita ya ɗaure fuska.

"Sau biyu na ɗauka, ya usta. Tabo ɗaya, wuri ɗaya. Za ka koya mini karatun hoto ne?"

"A'a, Daktor. Hoto naka ne, faranti nawa ne. Sau biyun duk da faranti ɗaya ka ɗauka."

"Ai an gwada shi a gabana."

"An gwada kafin ya faɗi. Ga wanda ya yar da shi."

Likita ya dube ni daga sama har ƙasa. Na so ƙasa ta tsage. Ya sa aka kawo shabakar, ya jujjuya ta, ya shafa yadda na shafa, ya ce, "Ina faɗuwar? Lafiyarta lau." Kun ji irin gwanintata, har likita ta ruɗa. Mu'allim ya ce, "Fim ɗaya nake roƙo. Ba mutum a gaba. In ya fito fes, ka aika takardarka, ni kuma in ba ka haƙuri a gaban ma'aikatanka."

Ya ce, "Tayyib. Ɗaya."

Aka ɗaura shabaka, aka haska bango. Mai ɗaukar hoto ya shige ɗakin wanki ya rufe ƙofa. Wankin fim a lokacin da hannu ne, a tsoma a wannan ruwa, a ɗauraye, a tsoma a wancan. Muna tsaye a baranda. A nan na rasa addu'ar da zan yi. In fim ya fito fes, Baba Idrisu na da ciwo da gaske. In ya fito da tabo, ni na yi masa. Na tsinci bakina yana cewa, ya Allah ka sa ni ne, ya Allah ka sa ni ne. Masinja kuwa ya iso, ya jingina kekensa, yana tambaya ina takardar.

Aka fito da fim yana ɗigar ruwa, aka maƙala a jikin fitila. Ba haƙarƙari, ba huhu, ba kowa. Amma can sama wajen dama ga farin tabo nan zaune, faɗin tafin hannu.

Likita ya ɗauko hoton Baba Idrisu ya ɗora a kai. Suka hau juna daidai, kamar murfi da tukunya. Ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce, "Ya sattar." Sai ya juya ya ce da masinja ya tafi, ba saƙo yau.

Ni aka aika in kira Baba Idrisu. Aka sake ɗaukarsa, wannan karon aka juya shabakar, samanta ya koma ƙasa. Tabo ya tashi daga huhun dama ya koma can wajen ciki ta hagu. Inda yake da, fes. Likita ya yaga takardar gida huɗu, ya sa hannu a katin lafiya, ya ce, "Mabruk, ya hajj. Huhunka ya fi nawa." Baba Idrisu ya yi sujada a nan kan siminti.

Da muka koma warsha Mu'allim bai kore ni ba. Zarto ya ɗauko, ya yanka shabakar ta tsakiyar wurin da na gyara, ya ba ni gilashin ƙara girma. Na duba. Siraran dalman da muka jera ɗaya-ɗaya da zare duk sun kwanta a kan juna, sun toshe hanyar haske. Ya ce, "Ubanka buta yake gyarawa, buta bayanta ake kallo. Wannan cikinta ne aikin. Da ka kawo mini ita a lotse, da na san ta mutu. Kai ka yi mata kwalliya ka kai ta ta yi ƙarya." Ya sa na sake wata daga farko ni kaɗai, sati biyar.

Da a nan labarin ya ƙare da ban daɗe ina jin ciwonsa ba. Amma Baba Idrisu mutum ne mai cika magana. Ranar Laraba da safe, kamar yadda ya ce, ya je ya gaya wa mai gidan burodi a gaban masu saye. Kafin azahar duk Ammariyya ta ji mai burodi na da tarin fuka. Da ya koma da katinsa sabo, mai gida ya karɓe shi, bai janye masa iƙama ba, alhamdu lillahi. Sai dai mata suka daina aiko da tirensu na burodi. Suna cewa likita ya gani har sau biyu. Na ɗauki fim ɗin wofin nan na bi gida-gida ina nunawa, ina cewa ni ne, laifina ne. Wa zai gane? Wata tsohuwa ta ɗaga shi sama ta ce, "To ai ga ciwon nan ina gani." Bayan sati biyu mai gida ya sa wani a bakin tanda, ya mayar da Baba baya, wajen sauke buhunan fulawa da faskaren itace. Bai sake komawa bakin tanda ba har ya bar aiki.

Na same shi a can baya wata safiya, fulawa har gira, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Faɗuwa ba komai ba ce, ɗana, ni ma na sha ƙona burodi. Na yafe maka." Ya ɗaga buhu ya saɓa, sannan ya tsaya.

"Amma ranar Talatar nan a ƙofar masallaci, ka sani?"

Na ce, "Na yi zato, Baba."

"Da ka ce mini in dakata kwana ɗaya."

Ya wuce da buhunsa ciki. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, da tsufansa, huhunsa lafiya lau.

Guntun shabakar nan yana cikin aljihun teburina, wanda zai gaji kujerar zai same shi, kada ya yar. Ku da kuke ƙorafi wai na cika naci, abu kaɗan in ce a sake hoton wofi, ko da gwiwar hannu ce ta ɗan bugi faranti, yau kun ji dalili. Kayan aikinmu ba a shaidarsu da shafawa, sai an haska. Kuma in abu ya kuɓuce muku, zai kuɓuce, ku faɗa a ranar. Ni guduma ta ɗauke ni rabin awa, aka gyara ɓarnarta da fim ɗaya. Shirun da na yi daga Talata zuwa Alhamis shi ne ya raba Baba Idrisu da tandarsa.